Littafin da ya jira igiya: yadda Truman Capote ya rubuta kisan gidan Clutter

Kuɗin da aka samu a gidan ba su wuce dala 50 ba. Da su, da wata 'yar rediyo, da madubin hangen nesa, su ne duk abin da mutum biyu suka fita da shi daga gidan gonar Herbert Clutter, a ƙauyen Holcomb da ke jihar Kansas ta Amurka, daren Asabar wayewar garin Lahadi, 15 ga Nuwamba 1959. Gawa huɗu suka bari a bayansu: maigidan mai shekara 48, matarsa Bonnie mai 45, 'yarsu Nancy mai 16, da autansu Kenyon mai 15. Kowa an ɗaure shi, kowa an harbe shi a ka da bindigar farauta. Shi maigidan sai da aka yanka maƙogwaronsa kafin a harbe shi.

Holcomb a lokacin mutanenta ba su kai 300 ba. Gari ne na manoman alkama da makiyayan shanu, inda ake kwana ba a kulle ƙofa. Clutter kuwa yana cikin manyan garin: manomi mai rufin asiri, jigo a cocinsu, ba ya shan giya, ba ya ɗaukar mashayi aiki, har shugaba Eisenhower ya taɓa naɗa shi a hukumar bai wa manoma rance ta ƙasa. Da safiyar Lahadi ƙawayen Nancy biyu suka biyo don a tafi coci tare, suka ji gidan shiru, suka hau bene. Daga wannan rana garin ya koyi sayen kwaɗo, ya koyi kwana da fitila a kunne, maƙwabci ya soma kallon maƙwabci da wutsiyar ido, domin kowa ya ɗauka wanda ya yi wannan aiki ɗan gari ne da ya san gidan.

Bayan shekara shida marubucin Amurka Truman Capote ya fitar da littafi a kan wannan dare, sunansa In Cold Blood, wato kisan da aka yi da gangan, rai a kwance, ba cikin zafin fushi ba. Duk wanda yake son gane yadda littattafan laifin gaske suka zama abin da suke a yau, da shirye-shiryen talabijin da na rediyo da suka biyo sawunsu, sai ya bi ta kan wannan littafi. Ni dai ina ɗaukarsa gagarumin aiki, kuma ina ganin akwai alhaki a cikinsa. Dukan biyun gaskiya ne, kuma abin da ya sa nake son warware zancen shi ne yadda ƙwarewar da alhakin suka fito daga tushe ɗaya.

Asalin abin hira ce ta gidan yari. A kurkukun Lansing, Richard Hickock ya zauna ɗaki ɗaya da wani fursuna, Floyd Wells, wanda ya taɓa yin ƙodago a gonar Clutter kusan shekara goma baya. Wells ya ba shi labarin wani attajirin manomi da ke ajiye dala 10,000 a akwatin ƙarfe cikin ofishinsa. Akwatin nan babu shi. Clutter mutum ne da aka sani ba ya yawo da tsabar kuɗi, kusan komai da caki yake biya. Amma baki shi kan yanka wuya. Da aka yi wa Hickock sakin talala, sai ya nemo tsohon abokin zaman kurkukunsa, Perry Smith, suka ɗauki hanya mai tsawon fiye da kilomita 600 zuwa gidan mutanen da ba su taɓa gani ba, da bindiga da wuƙa da igiya, da shawarar da Hickock ya yi ta nanatawa cewa ba za a bar shaida ko ɗaya ba.

Bakin da ya jawo kisan shi ne kuma ya tona shi. Wells ya ji labarin a rediyo yana tsare, ya yi ta juyayi na wasu makonni, sannan ya faɗa wa hukuma. Hickock da Smith kuwa sun gudu Meziko, kuɗinsu ya ƙare, suka dawo suna yawo daga jiha zuwa jiha da cakin bogi da motar sata. Ranar 30 ga Disamba 1959 aka kama su a Las Vegas, tare da takalman da sawunsu ya dace da wanda aka gani a gidan. A watan Maris 1960 aka yi shari'a a Garden City, mutum goma sha biyun da ke taya alƙali yanke hukunci ba su cika awa guda suna shawara ba suka ce kisa.

Nan labarin 'yan sanda ya ƙare. Labarin marubucin kuwa tun kafin a kama kowa ya soma.

Capote yana Niyok ya ga wani ɗan gajeren rahoto a jaridar New York Times, kwana ɗaya bayan kisan. Ya riga ya yi suna da ƙagaggun labarai, amma ya daɗe yana da wani buri: ya ɗauki abin da ya faru da gaske, ya rubuta shi da kayan aikin mai ƙagaggen labari, da tsarin fage bayan fage, da zance tsakanin mutane, da shiga cikin zuciyarsu, ba tare da ya ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya ba. Ya shawo kan mujallar New Yorker ta tura shi Kansas. Tun farko ba wanda ya yi kisan ne ya dame shi ba, so yake ya ga yadda tsoro ke cin ƙaramin gari.

Mutanen Kansas ba su karɓe shi ba. Gajere ne, muryarsa siririya, shigarsa da ɗabi'unsa na 'yan birni ne, manoma suka yi masa kallon baƙon da ya zo cin kasuwa a gidan makoki. Abin da ya cece shi ita ce ƙawarsa ta ƙuruciya da ya tafi da ita, Harper Lee, wadda suka tashi tare a Monroeville ta jihar Alabama, kuma nata shahararren littafin bai fito ba sai Yulin 1960. Ita ta iya zama da matan gari, ita ta sa aka soma gayyatar su cin abinci, har ƙofar gidan Alvin Dewey ta buɗe, jami'in hukumar binciken jihar Kansas da ke jagorantar aikin. Ta rubuta masa shafuka masu yawa na abin da ta gani da wanda ta ji. Da littafin ya fito, sunanta yana shafin sadaukarwa tare da na wani, amma ba a bayyana girman aikin da ta yi ba. Wannan ma wani ɗan alhaki ne, ko da yake shi ne mafi sauƙi.

Capote ba ya riƙe rakoda, ba ya rubutu a gaban wanda yake hira da shi. Hujjarsa ita ce alƙalami da na'ura suna sa mutum ya ɗaure bakinsa. Ya ce ya horar da kansa har yana iya riƙe fiye da kashi 90 cikin 100 na duk hirar da aka yi, in ya koma masauki ya zube ta a takarda. A riƙe wannan iƙirari, domin a kansa aka gina komai.

Yanzu ga littafin kansa. Kashi huɗu ne, kuma kashin farko darasi ne ga duk mai son koyon rubutu. Tun shafukan farko an gaya wa mai karatu cewa mutanen nan za su mutu, saboda haka ba a riƙe shi da tambayar wa ya yi. Sai aka shiga kai da kawowa tsakanin wurare biyu. Ga Nancy tana koya wa wata yarinya yin kek, ga baƙar Chevrolet tana cin hanya. Ga maigida yana sa hannu a takardar inshorar rai a ranarsa ta ƙarshe a duniya, ga mutum biyu a kanti suna sayen igiya. Kowane ƙaramin aikin gida sai ya yi nauyi a ƙirjin mai karatu, domin shi ya san abin da su ba su sani ba. Capote bai nuna kisan a lokacin da ya faru ba. Mota ta shiga layin gidan da fitila a kashe, sai aka tsallaka zuwa safiya. Sai can a kashi na uku ake jin abin da ya auku a cikin gidan, daga bakin Perry Smith, yana cikin motar 'yan sanda da ankwa a hannu ana dawo da shi Kansas.

Kuma a duk tsawon littafin marubucin bai ce "ni" ba. Mutumin da ya shafe shekaru yana shiga kurkuku yana fita, yana aika wa fursunonin nan littattafai da wasiƙu, ya share kansa daga labarin, ya bar wata murya mai kama da ta wanda ya ga komai daga sama. Wannan shi ya ba littafin kwarjini. Shi ne kuma ya hana mai karatu tambayar da ta kamata: wa ya faɗi wannan, a gaban wa, kuma me yake fatan samu da ya faɗa?

Zuciyar littafin Perry Smith ce, wannan ba a jayayya. Hickock an zana shi sarai: ɗan talakawa masu mutunci, mai wayo, mai daɗin baki, maƙaryaci, wanda ya yi hatsarin mota a 1950 ya bugu a ka, iyayensa suka ce tun daga nan ya canja. Amma Smith aka zauna a kansa. Iyayensa masu wasan dawaki ne da suka rabu, uwar ta faɗa shaye-shaye har ya kashe ta. An kai shi gidan marayu inda ake dukansa saboda fitsarin kwance. Karatunsa bai wuce aji uku ba. Cikin 'yan'uwansa uku, ɗaya ya kashe kansa, ɗaya ta faɗo daga tagar bene ta mutu. Ya yi yaƙin Koriya, ya dawo ya yi hatsarin babur da ya nakasa masa ƙafafu, ya zama kullum yana taunar asfirin don ciwo. Yana kaɗa gita, yana zane, yana tara manyan kalmomi a littafin rubutu don kada a raina shi, yana yawo da taswirorin dukiyar da ta nutse a teku, yana mafarkin wani ƙaton tsuntsu rawaya da ke zuwa ya ɗauke shi duk lokacin da aka zalunce shi.

Sannan ga abin da ya yi a daren. Shi ne ya shimfiɗa wa Clutter kwalin katifa don kada ya kwanta a kan siminti mai sanyi. Shi ne ya sa wa Kenyon matashi a ƙarƙashin kai. Shi ne, a faɗarsa, ya hana Hickock taɓa mutuncin Nancy. Kuma shi ne ya ce yana ganin maigidan mutumin kirki ne mai taushin magana, bai daina ganinsa haka ba har lokacin da ya sa masa wuƙa. Akwai wurin da ya ba da labarin yadda wata dalar azurfa ta Nancy ta gangara ƙarƙashin kujera, ya durƙusa da gurguwar ƙafarsa yana lalube, sai ya ji ƙyamar kansa: ga shi yana rarrafe a ɗakin yarinya saboda dala ɗaya. Duk wanda ya karanta wurin nan ba ya mantawa. Mun fi son mai kisa ya zama dodo, domin dodo ba danginmu ba ne. Capote ya ƙi ba mu wannan sauƙi. Ya ajiye tausayi da ta'asa a jikin mutum ɗaya, a dare ɗaya, ya ce mu duba.

A nan nake ganin littafin ya yi abin da kotu ta kasa. Dokar Kansas a lokacin tana bin wata tsohuwar ƙa'ida da ta samo asali daga Ingila a 1843, wadda ake kira M'Naghten. Tambaya ɗaya take yi game da hankalin wanda ake tuhuma: lokacin da ya aikata, ya san daidai da ba daidai ba? Likitan ƙwaƙwalwar da ya duba su, Dakta Mitchell Jones, an takura shi ya amsa da i ko a'a. Game da Hickock ya ce i. Game da Smith ya ce bai kai ga yanke ra'ayi ba, kuma ba a bar shi ya yi bayani ba. Capote ya samo abin da likitan zai faɗa da an ƙyale shi, ya buga shi a littafin: alamun taɓin hankali mai tsanani, da zargin kowa, da fushin da ke kwance yana jiran abin da zai tashe shi. Wannan bai wanke Smith ba, kuma ban ga inda littafin ya ce ya wanke shi ba. Amma al'ummar da za ta rataye mutum ya kamata ta san wa take ratayewa, kuma ta littafin ne kawai ta sani.

To, daga nan ne al'amarin ya soma rikicewa. Capote ya ga kansa a jikin Smith. Shi ma gajere ne, shi ma uwarsa ta yar da shi wurin dangi yana ƙarami, ita ma ta sha giya, ta kuma kashe kanta a 1954. Shaƙuwa ta gaske ta shiga tsakaninsu. Smith ya ba shi littattafan da yake rubuta sirrinsa, ya buɗe masa cikinsa kamar yadda bai taɓa buɗe wa kowa ba. Su biyun da ke jiran mutuwa sun ɗauke shi aboki mai hanya a manyan wurare, wanda zai iya taimakon ƙararsu.

Shi kuwa yana da littafin da ba zai ƙaru ba sai an rataye su.

Shekara biyar ana ɗaukaka ƙara, ana sa ranar kisa ana ɗagawa, har gaban kotun ƙoli ta Amurka, wadda ta ƙi sauraron ƙarar. Mafi yawan littafin ya riga ya rubutu, wani a gaɓar tekun Sifen, wani a duwatsun Suwizalan, saura babin ƙarshe. Wasiƙun da ya aika wa abokansa a wannan tsakani, waɗanda aka buga bayan mutuwarsa, sun nuna mutum ne da jira ya gallabe shi, yana fatan a gama a huta, har yana neman a taya shi fatan kada a sake ɗagawa. Ranar 14 ga Afrilu 1965, bayan tsakar dare, aka rataye Hickock yana da shekara 33, sannan Smith yana da 36. Capote yana kurkukun a daren, bisa roƙonsu. Shi ya biya kuɗin duwatsun da aka kafa a kaburburansu. A watan Satumba na shekarar New Yorker ta soma buga labarin kashi-kashi har huɗu, a Janairun 1966 littafin ya fito, ya mai da shi attajiri kuma marubucin da ya fi kowa suna a ƙasar. A ƙarshen Nuwamban 1966 ya shirya wata ƙasaitacciyar liyafa a otal ɗin Plaza na Niyok, baƙi wajen 500, har da Dewey da matarsa.

Wani mai sharhi ɗan Ingila, Kenneth Tynan, ya fito a jaridar Observer ya zarge shi da cewa bai yi iya ƙoƙarinsa don ceton ransu ba, alhali yana da kuɗi da sanayya da zai iya nemo manyan likitocin ƙwaƙwalwa su ba da shaida. Capote ya mayar da martani cikin fushi. A ganina Tynan ya zarce: babu tabbacin wani likita zai juya hukuncin mutanen da suka amsa laifinsu da bakinsu, kuma marubuci ba lauya ba ne. Amma ya taɓo wurin da ke ciwo. Mutum ba zai zama aminin wanda ke jiran igiya ba, a lokaci guda kuma ribarsa tana cikin igiyar, ya ce zuciyarsa ɗaya ce. Ina kyautata zaton kukan da aka ce ya yi bayan ratayar na gaske ne. Ina kuma ganin fatan da ya rubuta a wasiƙun na gaske ne. Bai sake kammala wani dogon ƙagaggen labari ba har ya mutu a 1984, bayan shekaru na giya da ƙwayoyi.

Sai batun gaskiya. Capote ya yi ta shela cewa kowace kalma a littafin haka ta faru. Ya kira abin da ya yi sabon nau'in adabi, ƙagaggen labarin da babu ƙage a cikinsa. Ko iƙirarin farawar ma bai tsaya ba, domin tun 1957 Rodolfo Walsh na Ajantina ya rubuta irin wannan littafi a kan mutanen da 'yan sanda suka harbe a ɓoye a wajen Buenos Aires. Amma wannan gardamar malamai ce. Babbar matsalar ta taso ne a 1966, da wani malami, Phillip Tompkins, ya tafi Kansas ya bi sawun littafin, ya buga abin da ya gano a mujallar Esquire.

Wasu abubuwan ƙanana ne, amma suna nuna inda hannu ke karkata. A littafin, tsohuwar goɗiyar Nancy an sayar da ita a gwanjon kayan gidan kan dala 75 ga wani manomi da zai sa ta huɗa, abin tausayi. A zahiri dala 182 da rabi aka saye ta, kuma ba huɗa aka kai ta ba. Wasu kuwa manya ne. Littafin ya sa Smith yana neman gafara a gindin igiya, alhali wasu da suka tsaya a wurin sun ce ba su ji haka ba. Ko tambayar wa ya harbi wa ba ta warware sarai ba: da farko Smith ya ce Hickock ne ya harbe matan biyu, daga baya ya ce shi ya kashe duka huɗun, yana mai cewa ba ya son uwar Hickock ta rayu da wannan baƙin ciki. Fagen rufe littafin kuwa, inda Dewey ya haɗu da ƙawar Nancy a maƙabarta, iska na kaɗa alkama, suka yi 'yar hira mai sanyaya zuciya, bai taɓa faruwa ba. Capote ne ya ƙaga shi don kada littafin ya ƙare a kan rataya. Can a 2013 kuma jaridar Wall Street Journal ta kawo takardun hukumar binciken Kansas da suka nuna cewa bayan tonon da Wells ya yi, sai da aka yi kwana biyar kafin a je gidan iyayen Hickock, alhali littafin ya nuna an tura jami'i nan take. Dewey ya buɗe wa Capote fayil, har da littafin sirrin Nancy, Capote kuma ya fito da shi gwarzon da ba ya kuskure.

Wani zai ce, to mene ne? Jigon labarin ai gaskiya ne, an kashe mutum huɗu, an rataye biyu. Amsata ita ce mai karatu ciniki ya yi da marubucin. Hawayen da ya zubar a kan neman gafarar Smith ya zubar da su ne don an rantse masa cewa haka aka yi. Da an ce masa ƙage ne, da ya ji daɗin fasahar ya wuce. Wanda ya sayar maka da madara ya ce ko ɗigon ruwa babu, in ka gano cokali ɗaya, dole ka yi shakkar ƙwaryar duka. Ga shi kuma kowane gyara da aka kama ya karkata ne wuri guda: Smith ya ƙara taushi, Dewey ya ƙara girma, labarin ya ƙara daɗin ji. Tun da babu rakoda, babu hanyar tantance dogayen maganganun da aka sa a bakin mutanen da suka riga suka mutu.

Wannan ciwo bai tsaya a kan Capote ba, gadonsa aka ci. Joe McGinniss ya zauna cikin tawagar lauyoyin Jeffrey MacDonald, likitan soja da aka samu da laifin kashe matarsa mai ciki da 'ya'yansa mata biyu, yana rubuta masa wasiƙun nuna goyon baya a kurkuku, sannan a 1983 ya fitar da littafin da ya tabbatar masa da laifin. MacDonald ya kai ƙara kan yaudara, aka sasanta a kan dala 325,000. Daga wannan shari'a Janet Malcolm ta rubuta littafinta na 1990, inda ta kafa hujjar cewa akwai cin amana kwance a gindin aikin duk ɗan jaridar da ke jawo mutum ya saki jiki don ya samu labari. Ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba, domin akwai masu gaya wa mutum gaskiyar abin da suka zo yi tun daga bakin ƙofa. Amma duk mai rubuta laifin gaske yana bin bakin wannan rami.

Na bar abin da ya fi damuna zuwa ƙarshe. A littafin da ya wuce shafi 300, mun san mafarkin Smith, mun san waƙoƙin da yake so, mun san irin rubutun hannunsa. Mutanen gidan Clutter kuwa kashi ɗaya aka ba su, kuma ko a nan aikinsu shi ne su zama abin tausayi kafin mota ta iso. Mai kisa yana da rai, ana iya zama da shi shekara biyar ana tambaya. Wanda aka kashe ba ya magana, sai abin da maƙwabta suka faɗa. Haka tsarin irin wannan rubutu yake, kullum mai wuƙa ne ke da bakin ba da labari.

Bonnie Clutter ta fi kowa cutuwa. Littafin ya zana ta mace mai ciwon damuwa, wadda ta janye daga duniya, tana kwance a ɗaki tana kuka, ta bar wa miji da 'ya ragamar gida. 'Yan'uwanta da waɗanda suka san ta sun ce an zuzuta abin: ta yi fama da rashin lafiya, amma mace ce mai shiga harkar coci da ƙungiyoyin gari, mai fara'a, mai kula da 'ya'yanta. Capote bai taɓa ganinta ba. Miliyoyin mutane a harsuna da yawa sun san ta ne ta hoton da ya zana, ita kuwa ba ta da halin cewa ba haka nake ba.

An soma samun marubutan da suka juya akalar. A 2019 Hallie Rubenhold ta fitar da littafi a kan mata biyar da aka kashe a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888, kisan da ya haifar da ɗaruruwan littattafai a kan wanda ya yi shi, mutumin da har yau ba a san ko wane ne ba. Ita sai ta ƙi bin sa. Ta bi rayuwar matan tun daga haihuwa, aurensu, 'ya'yansu, talaucin da ya jefa su kwanan titi, ta kuma nuna cewa babu hujjar da ta tabbatar da cewa uku daga cikinsu karuwai ne kamar yadda aka shekara fiye da 100 ana maimaitawa. Ta tsayar da labarin kowace a daren da ta mutu, ba ta kwatanta gawa ba.

Herbert da Bonnie suna da manyan 'ya'ya mata biyu da ba sa gidan a daren, ɗaya ta yi aure, ɗaya tana karatun jinya. Sun rayu shekaru masu yawa bayan haka, ana fim a kan gidansu a 1967, ana sake yin wasu a 2005 da 2006 a kan marubucin, baƙi suna tsayawa da mota a bakin layin gidan suna ɗaukar hoto. Kusan duk ɗan jaridar da ya nemi hira da su sun ƙi. A bayanin da suka bayar na dalilin ƙin, sun ce Capote ya zo musu da cewa zai rubuta abin girmamawa ga iyayensu, ya kuma yi alkawarin zai nuna musu rubutun kafin a buga, bai cika ba. Abin da suka yi maimakon hira shi ne tara hotuna da wasiƙu da labaran iyayensu da ƙannensu a kundaye, don 'ya'yansu da jikokinsu su san su waye mutanen nan kafin daren 15 ga Nuwamba. Kundayen suna hannun zuriyarsu, ba a buga su ba.